Sunan da Kawu Ya Kai wa Liman

Filinge.
Zuwa ga ƙanwata Rukayya, a Tabla.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina shelanta wa ƙasar Kurfai baki ɗaya cewa an aikata ta'asar da tarihi ba zai yafe ba: an sace hulata. Kan da ya koyar da rabin ma'aikatan garin nan yau yana yawo tsirara. Ina zargin kowa. Ki gaida ɗanki Ibrah, ki tambaye shi yaushe ne sunan ɗiyarsa, don in shirya jawabi.

Yayanki, Mushe (wato Malam) Kailu, tsohon daraktan lakwal, makarantar boko.

Tabla.
Yaya,

Ina gaisuwa. Hularka tana nan, kai ka baro ta wurin sunan. An yi shi tun Asabar, kana zaune a sahun gaba.

Ibrah ya girmama ka, ya raɗa maka sunan marigayiya Innarmu, Hauwa, ka kai wa liman. Daga zaure zuwa tabarmar liman sunan ya ɓace maka. Ba ka dawo ka tambaya ba, ka ce Mas'uda, aka yanka rago a kansa. Maza suka sunkuyar da kai, don sun san ita ce mai sayar maka da giya bayan tasha.

Abin da ya tsorata ni, ranar ba ka sha ba. Na tambayi lokotoro a asibiti, ya ce shekarun sha sun ci ƙwaƙwalwarka: sabon abu ba ya zama, ita kuma ƙwaƙwalwar ta cike gurbin da abin da ta samu. Ya ce in ka bari, a ƙarƙashin kulawarsu, ana iya tsare saura. Ibrah zai sake yanka, amma ya ce ba da kai ba, sai ka je asibitin Yamai.

Ƙanwarka, Rukayya.

Filinge.
Rukayya,

Gaisuwa. Na janye shelar. Na karanta takardarki har ta yi laushi, na nemi ranar nan cikin kaina, ban samu ko ƙafar ragon ba. Kunya ta hana ni fita ko masallaci.

Kotu ta zauna, ni ne alƙali, ni ne mai laifi. Hukunci: zan bi motar Yamai, ki raka ni kada in sauka a hanya, a Bonkuku, in fasa. Tara: hular ta zauna wurinku, a riƙa kore wa jaririya ƙuda da ita.

Ki rubuto mini sunan nata da manyan baƙaƙe, in liƙa a ƙofa. Na san na Inna ne.

Kailu.