Fuskar Gidanmu na Kalgo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, jiya a zauren Malam Buhari, nan Gwandu, aka yi musu kan dalilin da ake ce wa gaban gini fuskar gida. Malam ya ce daga kalmar fuskanta ne, wato wajen da ƙofa ke kallo, gabas ko yamma. Ban ja da shi ba, ya girme ni. Amma ni na san asalin kalmar, a bakinki na ji.

Kin tuna daminar da Nasara suka kwashi Baba da mazan Kalgo ɗaukar kaya zuwa yaƙinsu? Ruwa ya kayar da bangon zaurenmu, mai wucewa na hango tsakar gida. Yayanki, Kawu Sambo, ya zo da jakuna zai mayar da ke Gwandu, wai waɗanda aka tafi da su ba sa dawowa. Kika ƙi. Kika ce masa, "Yaya, gida fuska gare shi kamar mutum, da ita ake gane shi. In mai gida ya dawo ya tarar babu, ina zai tsaya ya yi sallama?"

Ni na haƙo ƙasa a fadama, ke kika cuɗa ta da ciyawa, ƙafafunki duk sun tsage. Ban iya gini ba, bangon ya karkace. Kika bi shi da yaɓe, kika ja zane da yatsu a gefen ƙofa, irin wanda kike yi wa rumbunki.

Baba ya dawo ciwo ya cinye masa idanu, wani abokin tafiyarsa na jan sandarsa. Ya tsaya, ya shafa bangon, yatsunsa suka faɗa cikin zanen. Ya ce, "Nan ne. Hannunta ne." Sannan ya yi sallama. Kina daga ciki, kika amsa masa.

Bangon na nan a karkacensa, Innata. Magina sun ce a rushe a sake. Na ce muddin ina raye, yaɓe kawai za a ƙara masa, kada hannu ya taɓa gefen ƙofa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sada ki da Baba a gidan da ruwa ba ya kayarwa. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Umaru