Dutsen Washin da Na Hana Baffa Idi

Zuwa ga mahaifina, wanzamin Zango,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'imarSa. Baba, na rubuto ne in gaya maka abin da na yi da kaina, tunda dangi sun riga sun yaɗa shi daga Wagadugu har Ƙonni, kowa da irin gishirin da ya ƙara.

Na hana ƙanenka Baffa Idi na Ƙonni dutsen washinka, ɗan ƙaramin nan mai santsi, mai launin man shanu, wanda kake gama aska da shi. Zabirar na ba shi, da ƙahonin, da almakashi, da babban dutsen mai kaushi. Ƙaramin yana hannuna, kuma ba zai fita ba.

Ka tafi ka bar jan fentin hukuma a bangon gidanmu, alamar rusau. To, katafila ta iso. Layin masu goro ya zama fili, rumfarka ma babu ita. An ba mu fuloti can bayan gari, inda ko itacen inuwa babu. Cikin wannan kwashe-kwashen aka yi sadakar arba'in ɗinka, mutane na cire ƙofofi da kwanon rufi, mu muna dama fura.

Ka tuna yadda ka fara koya mini? Idonka ya soma rauni, ba ka ganin bakin aska sosai, kuma Allah bai ba ka ɗa namiji ba. Ka zaunar da ni a bayan rumfa inda maza ba sa gani. Ka ɗiga ruwa a dutsen, ka kwantar da askar, gadon bayanta da bakinta duk suna taɓa shi, ka ce in tura a hankali. Na danna da ƙarfi kamar mai niƙan gero. Ka buge mini hannu ka ce, "Inna, wannan dutsen ba ya son ƙarfi. Nauyin askar kawai ya ishe shi."

Inna kake ce mini saboda sunan mahaifiyarka aka sa mini, amma ranar ba ka ji kunyar dukan uwarka ba.

Na koyi juya aska ta bayanta, kada bakin ya taɓa dutse da tsaye. Na koyi cewa ruwa ake sa masa, mai ba ya kusantarsa. Na koyi saurare, domin idan aska ta kusa kaiwa, ƙararta kan dutse takan yi ƙasa har ta ɓace. Daga nan sai a goga ta a fata, sai ka tsinko gashi ɗaya daga gemunka ka ɗora a bakin. In ya rabu biyu ba tare da an ja ba, ka ce "To." Ba ka taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan "to" ba, ni kuwa nakan yini ina jin daɗinta.

Shekara nawa tsofaffin Zango suna yabon hannunka, suna cewa askarka ba ta jan gashi, kai kana murmushi kana kallon labulen bayan rumfa.

Ranar sadakar, Laminu ɗan Baffa, wanda aka ce shi zai gaje ka, aka sa shi yanka rago. Wuƙar ta dakushe. Ya buɗe zabirarka ya ɗauko ƙaramin dutsen, ya tsuguna a tsakar gida ya fara goga masa wuƙar yanka kamar yana kankare ƙasan tukunya. Na ji ƙarar daga madafa. Ban san lokacin da na ratsa cikin maza ba mayafi ba, na fizge shi daga hannunsa. Ya riga ya yi masa zane ɗaya a gefe, har yanzu in na shafa sai zuciyata ta yi zafi.

Baffa ya miƙe a gaban malamai ya ce, "Kayan wanzanci ba su zama ɗakin mata. Miƙo shi nan." Na ce masa wanda bai san dutsen aska da dutsen wuƙa ba, ba zai riƙe wannan ba ko da ɗan wa ne. Wata cikin ƴan uwan Mama ta ja ni gefe tana ce mini da yarensu na Mosanci in yi haƙuri. Ban yi ba, Baba.

Da aka zo rabo, na ce a bar mini dutsen cikin kasona, su ɗauki kwanon rufin ɗakinka da ƙofar ƙarfe. Malamin da ke rabon ya ce ya halatta. Baffa ya ce na zubar masa da girma, kuma ba zai sake taka gidana ba. Mijina kuwa, da muka koma fulotin, ya dubi sama ta inda rufi bai kai ba, ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, Allah Ya sa dutsen ya iya tare ruwa."

Ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi, don gaskiya ya faɗa. Damina ta kusa, rabin ɗakin tabarma ce da leda. Amma ban yi nadama ba. Ana cewa zamanin aska ya wuce, samari duk sun koma reza da injin aski. Su je. Wanzamai biyu daga unguwar Dapoya sun riga sun gano inda kaifin askarka yake fitowa, kuma suna turo mini asakensu a naɗe cikin tsumma.

Jiya da hantsi matar Baffa ta zo. Ba ta zauna ba, ta ce gobe za su koma Ƙonni, ta ajiye wani ƙunshi a bakin ƙofa ta juya. Na buɗe, askar Baffa ce ta kansa, bakinta duk ya mutu. Ko saƙon gaisuwa bai haɗo ba.

Na wasa ta, Baba, ban rage mata komai ba. Na gwada da gashin kaina, ya rabu biyu. Amma ban aika masa ba. Tana nan kan taga. In yana so, ya tako da ƙafarsa ya yi sallama a ƙofar ɗakin matan, ya karɓa daga hannuna. Motarsu yau da azahar za ta tashi, ni kuwa na shimfiɗa masa tabarma na ajiye ruwan sha.

Ina kewarka ƙwarai. In na yi rashin kunya ga ɗan uwanka, ka yafe mini, amma dutsen kam ba zan bayar ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Taka har kullum,
Inna