Kada Ka Sayar da Jirgin Baba

Unguwar Mansur, Makka.

Yaya Suhaibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙafar Inna? Yaya Larai da yara da mutanen Yawuri? Ni lafiya lau, ina nan ina gyaran kifi a shagon Hajiya Khadijatu. Ƙanƙara ta ɗan tsattsage min hannu, amma kada Inna ta ji, ina shafa mai.

Na ji Sarkin Ruwa ya rufe kamun kifi a gefenmu, ya hana taru mai ƙananan ido, har kana cewa za ka sayar da jirgin Baba ka biyo ni. Yaya, nan ma haka ake yi. Akwai wani jan kifi, najil, da masuntan Jidda ke ƙyalewa lokacin da yake ƙwai. Ciniki ya ja baya, Hajiya ta yi ta mita. Da aka buɗe, sai ga shi manya-manya, mitar ta ƙare.

Wani kwalin kifi ma yakan zo da shuɗin tambari. Na ɗauka ado ne, sai Hadil, 'yar Hajiya, ta ce shaida ce cewa masuntan sun bar wa teku iri. Na yi dariya, na ce ashe Sarkin Ruwansu har hatimi gare shi.

In an buɗe a gefenmu, ka aiko min da busasshiyar tarwaɗa, na teku bai iya miya ba. Kullum ina sa ku a addu'a a Harami.

Don Allah ka liƙe jirgin nan, ka jira. Kifin da nake gyarawa a nan na mutane ne. Naka yana can cikin ruwa yana girma.

Ƙanwarka,
Saudat