Gadon da Alhaji Ya Ƙona

Yaya Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya, ba wani abu ba ne.

Kin san ranar Asabar mukan bi gidajen manya mu karɓi kujeru da gadajen da suka gaji da su, kafinta ya gyara, mu raba wa marasa ƙarfi a Durumi. To, wani Alhaji a ofishinmu ya ce in zo in ɗauki tsohon gadonsa. Ni kuma na yi wa wata baiwar Allah mai suna Hannah alkawarinsa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta uku a kan kwali suke kwana, ga ruwan sama yana shigar musu ɗaki.

Na je da mota, na tarar da hayaƙi. Maigadi ya ce, "Oga ya ce a ƙona. Wai kar a yi masa asiri da shi."

Yaya, mutumin nan digiri uku gare shi! Katako mai kyau ya zama toka saboda tsoron matar da ko sunansa ba ta sani ba. Mai neman abin da yara za su ci, ina ta ga lokacin yi masa asiri? Allah ya shirye shi, ni dai ko gaisuwarsa na daina amsawa.

Hannah ta samu gado, kada ki tambaye ni na wa. Ki aiko mini da tabarmar Baba, mai kaurin nan. Kuma kada Inna ta ji.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Abdulƙadir