Hayaƙin Gidan Malachy

Dublin, 3 ga Oktoba

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na gyara miki ɗakin ƙasa, ba hawa bene. Sanyi na tafe, kuma ba ki da kowa a Cloonbrack. Don Allah ki amince in zo in ɗauke ki.

'Yarki, Dympna

Cloonbrack, 11 ga Oktoba

Dympna 'yata,

Gaisuwa mai yawa, ki shafa min kan yara. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta.

Wa ya ce miki ba ni da kowa? Da aka kawo ni amarya, gida goma sha bakwai ke hayaƙi a gefen tudun nan. Yau saura biyu, nawa da na Malachy Gilhooly. Kowace safiya nakan leƙa taga, in na ga hayaƙinsa na san tsohon banzan ya kwana lafiya, sai in ɗora shayi. In na tafi, wa zai duba?

Mamanki

Dublin, 19 ga Oktoba

Mama,

Bayan gaisuwa, wane Malachy? Wanda kuke gaba shekara ashirin da biyu saboda ragonsa ya cinye miki kabeji? Ko a coci ba kwa haɗa benci! A kansa za ki ƙare a gidan da ke yoyo?

Dympna

Cloonbrack, 27 ga Oktoba

Dympna,

Ina gaisuwa. Kabejin kai arba'in ne, kuma har yau bai ba ni haƙuri ba. Ban ce zan yi masa magana ba. Hayaƙi na ce zan duba. Ke birni ya sa kin manta bambancin.

Gaskiya shirun yana da yawa. Wani lokaci da kaji nake hira.

Mamanki

Cloonbrack, 2 ga Disamba

'Yata,

Ranar Talata babu hayaƙi. Na jira har ƙarfe tara, na ɗauki sanda na ratsa gona zuwa gidan Malachy. Na same shi zaune a kujera, ya riga ya yi sanyi. Kujerar ba ta kusa da murhu, Dympna. Ya ja ta bakin taga, tana fuskantar gidanmu.

Mun binne shi ran Juma'a, mu shida har da Fada, limamin coci.

Yau da safe na durƙusa gaban murhu da ashana a hannu, na kasa ƙyastawa. Wa zan hura wa?

Ki zo ran Asabar.

Mamanki, Attracta