Amfilifayar Sani da Bikin Rabi

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Jamus, ya aiki, ya ƙafar Anti Zainabu? Mu nan unguwar Nima lafiya lau, sai kewarku.

Ina taya ka murna, ɗanka Sani ya zama injiniya. Ya haɗa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai araha wadda ke tura wufa, babbar sifikar nan mai girgiza ƙirji. Malamansu sun kunna ta ƙasa-ƙasa a ɗaki mai sanyi, ko bayanta ba su buɗe ba, suka sa hannu.

Jiya ya gwada ta a tsakar gida. Kwanukan Hajiyarmu na rawa, ni kuwa ƙaurin roba nake ji. Na taɓa ƙarfen amfilifayar, sai da na tsotsi yatsana don zafi. Na ce, "Sani, ina fiyus ɗin da ke katse wuta in ta yi yawa?" Ya ce, "Baffa, waya na ɗaura a wurin. Ai malamai sun amince."

Ranar Asabar da ita za a yi kiɗan bikin ƙanwarsa Rabi, ƙarƙashin rumfar leda, a lungunmu da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Ba ya jin maganata. Ka kira shi.

A gaida yara, a sa mu a addu'a. Yaya, cikin malaman da suka sa hannu, wa zai zo ya zauna kusa da amfilifayar?

Ƙaninka,
Mamudu