Mai Sayen da Bai Yi Tayi Ba

Yaya Lawali,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Gusau lafiya lau.

Albishirinka, an sayar da kwale-kwalen Baba! Ina sa hotonsa a intanet, wani ya turo alat na banki cewa ya biya, wai direbansa na tafe ya ɗauka. Inna ta ce, "Ko tayi bai yi ba? Duba asusunka." Na duba, wayam! Alat ɗin na bogi ne.

Jiya wani masunci daga Bungudu ya ƙwanƙwasa katakon, ya kushe shi tas, muka sha ciniki. Sai da kuɗin suka shiga na sallama. Inna ta rangaɗa guɗa, ta ce mai kushe shi ne mai saye.

Ka gaida maiɗakinka da yara, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Murtala